Tambayoyin Masu Karatu: Tubabben Ɗan Duniya da Budurwa Mai Hankali

A wannan fitowar mun tattara wasiƙun da suka zo mana game da wani rukunin littattafan soyayya na Turanci, waɗanda ake kafa labarinsu a Ingila ta shekaru 200 da suka wuce. A cikinsu ana haɗa wani ɗan manyan mutane da ya yi ƙaurin suna wajen caca da neman mata da wata budurwa mai natsuwa da kaifin harshe, a yi ta raha da sa-in-sa har a kai ga ɗaurin aure. Mun taƙaita wasu wasiƙun, mun kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Malama, barka da ƙoƙari. Na karanta irin waɗannan littattafai da dama, kuma duk kusan abu ɗaya nake gani: birnin Landan, ɗakin rawa, keken doki, da wani shaƙiyyin mai sarauta. Me ya sa marubutan suka nace wa zamani ɗaya, kuma me ya hana su ɗauko mutumin kirki tun farko su ba shi yarinyar?
*Wata ɗalibar jami'a*

Ƙanwata, idonki bai yaudare ki ba. Mafi yawan waɗannan littattafai suna tsayawa ne a kan shekarun 1811 zuwa 1820, lokacin da Sarki George na Uku ya samu taɓin hankali, majalisar dokoki ta damƙa wa babban ɗansa riƙon ƙwarya, shi kuwa ya riƙe har mahaifinsa ya rasu, sannan ya hau gado da sunan George na Huɗu. Mai riƙon ƙwaryar da kansa almubazzari ne, ga tarin bashi ga son mata, saboda haka samarin manyan gidaje ba su rasa wanda za su yi koyi da shi ba. A cikin waɗannan shekaru ne aka murƙushe Napoleon, sarkin Faransa, a yaƙin Waterloo a 1815, a cikinsu ne kuma littattafan marubuciya Jane Austen suka fito. Sai dai wadda ta mai da wannan zamani matattarar marubutan soyayya ita ce Georgette Heyer, wadda aka haifa a 1902, ta rasu a 1974, ta bar littattafai sama da 50. Daga 1935 ta soma kafa labaranta a wannan lokaci, kuma mace ce mai bin diddigi, tana cika kundaye da bayanan tufafi da kekunan doki da salon maganar mutanen zamanin, har ta gina wata duniya cikakkiya wadda marubutan da suka biyo bayanta suka tarar a shirye, suka shiga suka yi zamansu. Yawancin abin da kike gani yana maimaituwa daga wurinta aka gada.

Zamanin ya dace da labarin barkwanci ne saboda ƙa'idojinsa sun yi yawa, kuma mutanen da ke tsaron ƙa'idojin ba su da yawa, kowa ya san kowa. Duk shekara, lokacin da majalisa take zama, manyan iyalai sukan baro gidajensu na karkara su taru a Landan na wasu watanni, a nan ne ake fito da 'yan matan da suka isa aure. Akwai wani zauren rawa mai suna Almack's inda ake taruwa daren Laraba, wanda wasu 'yan tsirarun manyan mata suke riƙe da takardar shigarsa, su ba wanda suka ga dama su hana wanda suka ga dama, alhali abin da ake ci a ciki bai wuce burodi da man shanu da busasshen kek ba, abin sha kuwa shayi ne da ruwan lemo. Mutane suna neman takardar nan ido rufe don kawai a gan su a ciki. A wurin da ake ƙirga rawa nawa saurayi ya yi da budurwa a dare guda, marubuciya ba ta buƙatar yaƙi ko kisan kai kafin ta tayar da hankalin mai karatu. Kallo ɗaya da ya daɗe fiye da kima ya isa babi guda.

Game da shaƙiyyin kuwa, mutumin kirki ba shi da tafiyar da zai yi, yadda ya shiga labarin haka zai fita. Sannan akwai wani dalili da nake ganin ya fi wannan ƙarfi. A cikin jama'ar da kowa yake taka-tsantsan da harshensa, mutum biyu ne kawai suke iya faɗin gaskiya: namijin da sunansa ya riga ya ɓaci, don ba shi da sauran abin da zai yi asara, da macen da ta fitar da rai ga samun miji, don ba ta da wanda take son ta burge. Galibi za ki ga jarumar ta kai shekara 24 ko 25, wanda a lissafin manyan matan zauren nan ta fara wucewa, kuma ita ce mai riƙe da gidan ubanta da ƙannenta. Idan waɗannan biyun suka haɗu, kowannensu yakan yi mamakin samun wanda ke dariya a daidai inda shi ma yake dariya, kuma daɗin littafin duk yana cikin wannan hirar.

Malama, ni uba ne mai 'ya'ya mata uku, kuma babbarsu ta duƙufa a kan waɗannan littattafai. Na ɗauki ɗaya na leƙa, sai na tarar jarumin mashayi ne kuma ɗan caca, amma a ƙarshe shi ya samu yarinyar kirki. Tun da hali zanen dutse ne, ba kya ganin ana koya wa 'yan mata cewa za su iya gyara lalataccen namiji da soyayya? In hana ta ne?
*Wani malamin makaranta*

Malam, damuwarka tana bisa hanya, kuma mutanen Ingila sun riga ka wannan gardama da fiye da shekaru 300. Irin wannan jarumi ya samo asali ne daga fadar Sarki Charles na Biyu bayan 1660, inda aka yi wasu fadawa masu basira da shaye-shaye, fitaccensu John Wilmot na Rochester, wanda ya mutu a 1680 yana da shekara 33, jikinsa ya gama lalacewa, aka kuma yayata cewa ya tuba a gadon mutuwarsa. A 1696 Colley Cibber ya fito da wasan kwaikwayo inda wani miji da ya yi shekaru yana sheƙe ayarsa ya dawo, matarsa ta yi masa dabara, ya tuba a fitowar ƙarshe. Shekarar ba ta ƙare ba sai da John Vanbrugh ya rubuta ci gaban labarin, ya nuna tubabben ya koma ruwa da zarar ya ga wata kyakkyawa. Samuel Richardson ma ya tsaya a ɓangarorin biyu. A littafinsa *Pamela* na 1740, wata 'yar aiki ta ƙi amince wa maigidanta har ya saduda ya aure ta. Amma a *Clarissa*, wanda ya fito tsakanin 1747 da 1748, ya faɗa tun a gabatarwa cewa yana gargaɗi ne a kan ra'ayin nan mai haɗari da ya yaɗu, wai tubabben ɗan duniya ya fi kowa iya zaman aure, kuma jarumarsa mutuwa ta yi.

Rayuwa ta zahiri ta ba da tata shaidar a tsakiyar zamanin da littattafan suke yabo. Annabella Milbanke mace ce mai ilimi da addini da ƙwarewa a lissafi, wato irin jarumar da muke magana a kanta, ta auri mawaƙi Lord Byron a watan Janairun 1815 bayan sunansa ya gama zaga gari. A watan Janairun 1816 ta ɗauki jaririyarsu ta koma gidan iyayenta, ba su sake zama tare ba. A 1848 kuma Anne Brontë ta rubuta *The Tenant of Wildfell Hall*, labarin budurwar da ta yi watsi da gargaɗin gwaggonta ta auri mashayi da niyyar shiryar da shi, ta ƙare da guduwa a ɓoye tare da ɗanta don kada uban ya koya masa shan giya.

To, ta yaya littattafan raha suke tsallake wannan rami? Da farko dai suna yin wani ɗan maguɗi wanda ya kamata 'yarka ta gane shi. Marubuciya takan tura duk zunuban jarumin zuwa bayan fage, kafin shafin farko, sannan ta wanke su: matan da ya yi hulɗa da su sun san abin da suke yi, bai taɓa lalata 'yar kowa ba, bai bar ɗan shege a titi ba, bai kwaso cutar sanyi ba, kuma ko ya yi asarar dubban fam a teburin kati, manoman da ke haya a gonakinsa ba sa kwana da yunwa. Abin da ya rage masa na shaƙiyanci shi ne mugun suna da ɗaga gira. Wanda yake son ganin ainihin makomar irin wannan mutum ya nemi zane-zane takwas da William Hogarth ya buga a 1735, inda wani magaji ya cinye dukiyar ubansa, ya shiga kurkukun masu bashi, ya ƙare tsirara a gidan mahaukata na Bedlam.

Amma akwai abu na biyu, kuma shi ne ya raba littafi mai kyau da na banza. A cikin masu kyau, jarumar ba ta ɗora wa kanta aikin gyara kowa. Ta san halinsa sarai, tana jin daɗin hirarsa, kuma a shirye take ta juya ta tafi. Ka duba *Frederica* na Heyer, wanda ya fito a 1965. Jarumin attajiri ne mai son kansa wanda komai ya gundure shi, jarumar kuwa ta zo wurinsa ne don ya taimaka a gabatar da ƙanwarta ga manyan gari, ba ta ma sa kanta a lissafi ba. Ƙaramin ƙaninta, yaro mai haukan son injuna, shi ya fara jan mutumin nan zuwa kallon maƙera, wurin da bai taɓa mafarkin taka ƙafarsa ba. Daga baya yaron ya maƙale a jikin balan-balan mai tashi sama, ya faɗo ya ji mummunan rauni, sai ga mai sarautar da bai taɓa wahala don wani ba yana kwana zaune a wani gidan gona yana jinyar ɗan mutane, yana karɓar jarumar don ta samu barci. A nan ya gane yana sonta, ya kuma kame bakinsa saboda ya ga hankalinta yana kan marar lafiya. Babu inda ta yi masa wa'azi, kuma babu inda ya yi rantsuwar ya daina. Mai karatu ne ya ga canjin da idonsa kafin jarumar ta gani.

Saboda haka ban ba ka shawarar ka hana ta ba, domin hani zai ƙara wa littafin zaƙi ne kawai. Ka tambaye ta, in ta gama littafi, me jarumin ya rasa ko ya bari, kuma wa ya kyautata wa ban da yarinyar da yake nema. Idan amsar ita ce yana wulaƙanta barorinsa da danginsa da ita kanta jarumar har shafin ƙarshe, ana kiran kishinsa da tsawarsa soyayya, to wannan littafin ya cancanci duk zargin da ka yi, kuma irinsa suna da yawa a kasuwa.

Malama, ana ce wa jarumar mai hankali, amma sai in ga ta rikice don kawai an gan ta a lambu tare da namiji na 'yan mintoci, har a ce dole a yi aure. Wannan ba zuzutawar marubuta ba ce?
*Wata ma'aikaciyar jinya*

'Yar'uwa, akwai zuzutawa, musamman wajen yawan faruwar abin, domin marubuta sun gano cewa hanya ce mai sauƙi ta ɗaure mutum biyu wuri ɗaya. Amma tsoron da ke ƙarƙashinsa na gaske ne, kuma tushensa doka ce da dukiya. A dokar Ingila ta wancan lokaci, da zarar mace ta yi aure, kuɗinta da kayanta da abin da za ta samu da guminta sun zama na miji, sai dai in danginta sun sa lauyoyi sun keɓe mata wani kaso a rubuce kafin ɗaurin aure. Ba ta da ikon ƙulla yarjejeniya ko shigar da ƙara da sunanta. Wannan bai fara sauyawa ba sai da dokokin 1870 da 1882 suka ba matar aure ikon mallaka. Rabuwa kuwa, kafin 1857 sai majalisar dokoki ta zartar da doka ta musamman a kan auren mutum, abin da sai attajiri yake iyawa, kuma mata huɗu kacal suka taɓa samun saki ta wannan hanya. 'Ya'ya na uba ne. Sai a 1839 aka ba uwa damar roƙon kotu ta bar mata yaran da ba su kai shekara bakwai ba.

A ɗaya ɓangaren, rashin aure ma ba mafita ba ce. Gida da gonaki sukan tafi ga babban ɗa namiji, kuma sau da yawa an ɗaure gadon ta yadda in babu ɗa, sai ya tsallake 'ya'ya mata ya faɗa hannun wani ɗan'uwa na nesa. Wannan shi ne tashin hankalin uwar 'yan mata biyar ɗin nan a *Pride and Prejudice*, littafin Jane Austen na 1813: gidan da ke kawo musu fam 2,000 a shekara zai koma ga wani ranar da maigidan ya rufe ido. 'Yar gidan mutunci da ta rasa miji da gado, abin da ya rage mata shi ne koyar da 'ya'yan wasu a gidansu, ko zaman rakiyar wata tsohuwa mai kuɗi, ko cin arziƙin ɗan'uwa. Sunanta shi ne jarinta, in ya zube ba ita kaɗai ta yi asara ba, har ƙannenta mata.

Idan kika riƙe wannan a rai, za ki ga cewa hankalin jarumar lissafi ne na wadda take shirin miƙa duk abin da ta mallaka ga mutum ɗaya ba tare da ƙofar fita ba. Shi ya sa a ganina ɗan caca ya fi manemin mata zama abin tsoro a gare ta, ko da yake littattafan sun fi son su yi ta surutu a kan na biyun. Daga nan ne kuma aka samu tseren keken doki zuwa Gretna Green da kike yawan karantawa. Dokar aure ta 1753 ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure a Ingila ba da yardar iyaye ba, amma ba ta shafi Sikotilan ba, inda furuci a gaban shaidu ya wadatar. Gretna Green ƙauye ne da ke bakin iyaka, sama da mil 300 daga Landan, tafiyar kwanaki, kuma har maƙerin garin yakan ɗaura aure. Mai farautar dukiyar marainiya can yake nufa da ita, jaruma mai hankali kuwa galibi ita ce a keken baya tana bin sawun ƙanwarta.

Malama, wai da gaske masu sarautar Duke sun yi yawa haka a Ingila, kuma duk samari ne kyawawa marasa aure?
*Wani mai sayar da littattafai*

Malam, ko kusa. Wannan ita ce sarauta mafi girma bayan gidan sarki, kuma masu riƙe da ita a wancan zamani ba su kai 40 ba, akasarinsu magidanta ne da suka manyanta. Waɗanda ke kan kantarka kaɗai ƙila sun fi su yawa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne abin da littattafan suke kawar da kai daga gare shi. Birtaniya ta haramta cinikin bayi a 1807, amma ba ta zartar da dokar soke bautar kanta a yankunan da take mulka ba sai 1833, kuma wani kaso na dukiyar da ake rawa da ita a Landan daga gonakin rake na bayi ya fito. A 1819 sojojin doki sun afka wa taron masu neman 'yancin zaɓe a Manchester, suka kashe mutane fiye da goma, suka raunata ɗaruruwa. Wasu marubutan yanzu sun fara shigo da waɗannan al'amura, amma yawanci littafin raha yakan tsaya a ƙofar ɗakin rawa.

Malama, ban taɓa karanta ko ɗaya ba, kuma ba na son abin da zai sa in ji kunya in wani ya leƙa shafin da nake. Daga ina zan fara?
*Wata matar aure*

Hajiya, ki fara da Heyer, domin littattafanta ba sa wuce runguma da sumba, galibi a shafukan ƙarshe. *Frederica* da na ambata a sama ya fi sauƙin shiga rai saboda yaran da ke cikinsa. Bayansa sai *Venetia* na 1958, wanda a ganina hirarsa ta fi ta kowanne daɗi, ko da yake ina gargaɗinki da haɗuwar farko: jarumin ya tarar da ita tana tsinkar 'ya'yan itace a gonarsa, ya ɗauka 'yar ƙauye ce, ya sumbace ta ba da izininta ba, kuma littafin ya wuce wannan da sauƙin da mai karatu na yau ba zai yarda da shi ba. Haka ma *Devil's Cub* na 1932, wanda aka kafa shi a zamanin da ya ɗan gabaci wancan, inda jarumin ya sace yarinya zuwa Faransa, ita kuwa da ya matsa mata ta ɗauki bindiga ta harbe shi a hannu, daga nan ya fara ganin girmanta.

Marubutan baya-bayan nan, waɗanda da yawansu Amurkawa ne, Turancinsu ya fi sauƙi kuma labarinsu ya fi gudu, amma akasarinsu suna shiga ɗakin kwana da mai karatu ba tare da sakaya komai ba. Jerin littattafai takwas na Julia Quinn a kan iyalin Bridgerton, waɗanda suka fito tsakanin 2000 da 2006 kuma Netflix ya fara nuna su a 2020, suna cikin wannan sahu, don haka ki san da wannan kafin ki saya. Wahalar Heyer ɗaya ce: ta cika bakin mutanenta da karin maganar samarin wancan zamani, har Turawa ma sukan tsaya su yi tunani. Kada ki riƙa buɗe ƙamus a kowane layi, domin yawancin kalmomin da za su tsayar da ke sunayen kekunan doki ne da na tufafi da laƙabin wawa ko mashayi, kuma kafin ki kai babi na huɗu za ki iya gane su daga yadda aka faɗe su.